Ganyen habiskos ya yi rawaya, kai kuma ka tashi da yuriya

Kai yaro, maimaita in ji. "Oga, habiskos ɗin layin baya ya yi rawaya, in watsa masa takin yuriya?" Yuriya! Ku yaran yanzu magani ɗaya kuka sani, shi ma a waya kuka gani. Ko tsugunawa ba ka yi ba ka duba wane ganye ne ya canja launi.

Idan tsofaffin ganye ne na ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, ƙyale shi, kaya yake sakewa. Idan duk jikinsa ya yi laushi yana zuba, ɗaga ledar da aka dasa shi a ciki ka ji nauyinta, a Agustan Abuja yawanci ruwa ne ya sha kansa saiwa ta fara ruɓewa. Wannan ba sai na koya maka ba. Wanda nake so ka buɗe ido a kai shi ne sabon ganye na can tsororuwa ya fito fari-fari, jijiyoyinsa kuwa kore shar. Wannan sinadarin ƙarfe ne ya gagare shi sha. Yana nan a ƙasar, amma in ƙasa ta cika siminti ko farar ƙasa ko toka, saiwa ba ta iya jansa. Habiskos ɗan dangin yakuwa da rama ne, ƙasa mai ɗan tsami yake so, awon tsaminta, wato pH, tsakanin 6 da 6.5.

Irin wannan rawayar ce ta cinye mini kuɗi a hannun wani Alhaji a Gwarimpa. Sabon gida, fenti ko bushewa bai yi ba, ya ce in jera masa jan habiskos a gindin katanga tun daga get har baya. Ina zuwa na sa diga, sai ji nake ƙwas. A wurin nan birkiloli suka kwaɓa siminti, ga ɓaraguzan bulo, ga filasta, an yayyafa jar ƙasa a sama an rufe. Na ce, "Alhaji, sai an kwashe wannan zurfin gwiwa, a kawo tifar baƙar ƙasa." Ya dube ni sheƙeƙe ya ce ƙasa ai ƙasa ce, mu masu fulawa mun iya ƙirƙiro kashe kuɗi. Har da tambayata ko ni ne injiniyan gidan. Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce ciko sai fure ya buɗe.

Kayan da na kai masa ba na bakin titi ba ne. Iri ne da na ɗauko daga Jos, na yanka reshe na raina da hannuna har suka kai ƙugu. Ba a jima ba sabon toho ya fara fitowa fari. Ga direba kuma kullum safe a nan yake wanke motoci, ruwan Omo yana gangarawa gindinsu. Da Alhaji ya ga haka bai kira ni ba, sai ya sa maigadi ya sayo yuriya a mudu ya dinga cusawa a gindi da rana tsaka. Kafin ka ce kwabo gefen ganye ya ƙone. Sannan ne aka tuna da lambata.

A gabansa na tono dunƙulen siminti na ajiye masa a kan tayil. Ka san me ya ce? Wai marasa lafiya na sayar masa, kuma in gode wa Allah bai ce in dawo da kuɗin farko ba. Maigadi ne ya rako ni get. Abin da ya fi ci mini rai, bayan damina na bi ta layin na tarar tifa tana juye baƙar ƙasa a ƙofar gidan, wani mai fulawa yana tsaye yana ba da umarni. Shawarata ce aka biya wani kuɗinta. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, naka na layin baya. In ka ga jijiya kore, sauya musu ƙasa: baƙa, da yashi kaɗan, da takin shanu wanda ya ruɓe sarai, ba ɗanyen kashin kaji ba. Kada ka kuskura ka sa toka. Takin NPK 15-15-15 ɗin da kuke ɗauka tsarki ne, lambar tsakiyar nan, wato sinadarin fosfaras, ta yi wa habiskos yawa, ita ma tana tare masa ƙarfe. Ta ƙarshen, wato fotash, ya fi buƙata. Ɗan tsunkule, nesa da gindi, bayan ban ruwa.

In hunturu ya shigo kuma labari ya canja. Juya bayan ganye, za ka ga ɗigo-ɗigo da siririyar yana, jan ƙwaro ne da ido ke gani da ƙyar, ƙura da bushewar iska yake so. Wanke bayan ganyen da tiyo, da yamma ka fesa jiƙon darbejiya da ɗan sabulu. Yanzu ajiye wayar nan ka ɗauko mini leda biyu daga ciki, har da wadda ta fi lalacewa.