Mutum-mutuminmu yana sakin layi idan mun fito fili

Ƙanena, ka ce mutum-mutumin da kuka haɗa don gasa yana bin baƙin layi lafiya lau a aji, amma da kun fito fili sai ya rikice. Ku bar zargin umarnin da kuka rubuta, rana ce. Idanun da ke ƙarƙashinsa (na'urorin gane layi) da hasken infirared suke gani, wato hasken da idon mutum ba ya gani, ranar Sakkwato kuwa cike take da shi, sai fari da baƙi su zame musu ɗaya. Ku yi musu rumfa da baƙin kwali, ku sauko da su kamar milimita 5 daga ƙasa. Mafi muhimmanci, Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, ya auna fari da baƙi a filin gasar kafin tashi. Ƙurar hunturu kuma, a riƙa share ta daga idanun.