Tambayoyinku: Kitson Fata da Igiyar Ƙiri

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah ni ɗalibi ne daga Gusau, ba gadon dukanci nayi ba sha'awa ce kawai. Na sayi jemammiyar fatar akuya na yanka ta siri-siri da reza, inaso inyi kitso mai zagaye irin igiyar da ake rataya gafaka da ita, amma duk wanda nayi sai wani wuri yayi kauri wani wuri ya tsuke, bayan kwana biyu kuma ya saki. Hannuna ne ko fatar ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi naji daɗin tambayar nan, don samari irinka da zasu zauna su kama fata da hannunsu sun yi ƙaranci. Hannunka lafiyarsa ƙalau, matsalar tun wajen yanka ta faro, tun kafin ka fara kitson. Fatar dabba ba ɗaya take ba daga kai har wutsiya, gadon baya yana da ƙarfi baya miƙewa sosai, amma gefen ciki da hammata laushi garesu suna jawuwa kamar roba, toh in ka haɗa silin da ka yanko daga baya da wanda ka yanko daga ciki a kitso ɗaya dole wani ya saki ya bar wani. Fara zubar da gefen cikin nan, ko ka ajiye shi don wani aikin.

Sannan kada ka yanka a miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Fitar da da'ira daga tsakiyar fatar, kamar faifai, sai ka dinga bin bakinta da wuƙa kana zagayawa kana shiga ciki, a haka fatar akuya ɗaya zata baka sili mai tsawon mita da yawa babu haɗi ko ɗaya. Yankan farko ka sake masa faɗi kaɗan, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗaura a jikin bishiya ko ƙarfen taga kaja shi sosai har ya gama miƙewar da zaiyi, ka barshi ya sha iska. Bayan nan ne zaka sake bi ka daidaita faɗin, milimita 3 zuwa 4 ya isa igiyar gafaka. Wannan jan da mutane suke tsallakewa shine dalilin sakin da kake gani bayan kwana biyu, fatar bata miƙe a hannunka ba sai ta miƙe a cikin kitson.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi ba. Ka samu katako ka kafa reza ko bakin aska a tsaye, ka buga ƙusa ko wani ɗan itace a gefenta daidai faɗin da kake so, sai ka dinga jawo silin ta tsakaninsu, duk zasu fito kai ɗaya. Ka ƙara da basilla don buɗe ƙofa in zaka cusa bakin sili, da ƙugiya a bango da zaka maƙala kan kitson. Akwai kuma feƙe gefen sili ta ɓangaren nama, wato ka ɗan zaftare kusurwar, wannan shi yake sa kitso ya kwanta sumul maimakon gefuna su dinga tashi suna kartar hannu.

Kitson kansa mai sili 4 ne, biyu a dama biyu a hagu. Ɗauki na can ƙarshen dama ka zagaya dashi ta baya, ka fito dashi tsakanin biyun hagu, ka kwantar dashi kan guda ɗaya ya dawo ɓangarensa na dama. Sai na can ƙarshen hagu shima ta baya, ya fito tsakanin biyun dama, ya dawo gida. Shikenan haka zakai ta yi, fuskar fatar kullum tana kallon waje, kuma kaja silin kafin ka kitsa shi ba bayan ka kitsa ba, da ƙarfi iri ɗaya duk zagaye. Kitso yana cin tsawo, in igiyar mita 1 kake so yanki kowane sili mita ɗaya da rabi. Ka shafa musu ɗan sabulu da aka narka da kitse suyi santsi, in ka gama ka ɗora igiyar a daɓe mai sumul ka murza ta da katako gaba da baya, zakaga ta zama kamar ba kai kayi ba.

Kuma ka dace da fata, jar akuyar nan tamu ta Sakkwato da Maraɗi fatarta ce fatake suka dinga ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun 'yan Maroko suna kiranta fatar Maroko alhali daga nan ƙasar Hausa ta tashi. In ka samu shiga Kano ka leƙa Kasuwar Kurmi ka zauna wajen dukawa ko na awa ɗaya ne, kallon hannunsu zai koya maka abinda rubutu bazai iya ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana yana da doki, ni kuma ina ɗan taɓa aikin hannu, shine nace ko fatar san da muka yi layya zata yi ragama ko igiyar ƙiri ba sai an kai majema ba? Daga wata 'yar uwa a Damagaram.

AMSA: Zata yi Hajiya, ai ƙiri dama ɗanyar fata ce wadda bata ga bagaruwa ba, kuma malamai sun ce fatar layya sayarwa ce aka hana amma mutum zai iya amfani da abarsa. Sai dai aikin yafi na jemammiya wuya nesa ba kusa ba. Ranar da aka feɗe a kankare nama da kitsen jikinta tas, in ba a ranar za'a fara ba a zuba mata gishiri sosai don kar ta ruɓe. Gashin kuma ko a jiƙa ta a ruwan toka na 'yan kwanaki har ya fara tuɓewa da kansa a kankare, a ɗauraye ta sau da yawa don tokar da ta rage tana sa fata karyewa, ko kuma a shanya ta bushe a aske da wuƙa mai kaifi. Wajen shanya a ɗaure ta da turaku ta miƙe ko'ina, a inuwa, rana mai zafi tana ƙona ta.

Sirrin ɗanyar fata damshi ne. Busasshiya kamar ƙaho take bata lanƙwasuwa, wadda ta sha ruwa da yawa kuma ta kumbura, in kika kitsa ta a haka tana bushewa zata motse kitson ya zama duk ƙofofi. Abinda ake yi bayan an yanka ta sili-sili, a tsoma silin a ruwa kaɗan, a naɗe a tsumma mai damshi a saka a leda ya kwana, da safe zaki ji ya yi laushi amma babu ruwa a jikinsa, toh lokacin ne ake kitso. Da hunturu iska tana busar dashi a hannu cikin mintuna, ki ajiye sabulun kitsen nan kusa kina shafawa. In ya bushe yana ƙara damƙe kansa, shi yasa makiyayan Ajantina da Meziko har yau da irin wannan igiyar suke kama shanu. Tunda a fuskar doki zata zauna ki feƙe gefunan da kyau kar ta ji masa ciwo. Fatar mushe kuwa kada ki taɓa ta, akwai cututtukan dabbobi da suke kama mutum ta fata.

TAMBAYA: Igiyar da na kitsa tayi fumfuna da damina, in shafa mata baƙin mai? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: A'a ɗan uwa, baƙin mai da man inji suna lalata fata. Goge fumfunar da tsumma, ka rataye ta inda iska ke wucewa ta bushe, sannan ka shafa man kaɗe ko kitsen sa ɗan kaɗan ka murza da tafin hannu har ya shige. Kada ka ƙara ajiye ta cikin leda ko ƙasan akwati, a ƙusa ake rataye ta.