Ciwon suga da aljihu: amsoshin wasiƙun wannan mako

Wani mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya rubuto cewa shekara biyu ke nan yana shan ƙwayar ciwon suga mai suna Glucophage, kuɗin ya fara yi masa nauyi, ga shi kuma ya ji mai talla a cikin motar haya ta danfo yana sayar da garin da zai raba mutum da ciwon suga cikin mako uku. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, kada ka saya. Ciwon suga lallaɓa shi ake yi, da magani da abinci da motsa jiki, kuma duk wanda ya yanka maka ranar warkewa aljihunka yake kallo. Ƙwayar da kake sha tana rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, ranar da ka ajiye ta kuwa sugan zai hau ba tare da ka ji komai ba, yana cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, sai ranar da ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne an sha gano irin waɗannan garurruka an cakuɗa su da glibenclamide, wadda ke faɗar da suga da ƙarfi. Mutum ya sha cokali biyu bai karya ba, sai zufa da rawar jiki da jiri, suga ya sauka ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar gwajin suga, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar buhuna, mai tallan kuwa tun a Ojota ya sauka. Ina mamakin ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhun albasa sai ya kwance bakinsa ya tona har ƙasa, amma ya zuba wa cikinsa abin da ba shi da suna, ba shi da adireshi. Ko ƙwayar bature ma sai an yi hattara, domin a Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota saboda jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Ka nemi likitanka ya rubuta maka metformin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, sinadarinsa ɗaya ne da na Glucophage, ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya kamar yadda aka rubuta a kwalin, don tantance ko maganin na gaske ne.

Wani daga Obalende yana so ya sani ko zuma da lemon Malta sun halatta, tunda ya daina zuba suga a shayi. Haba Alhaji, zuma suga ce, Malta ma haka, kuma burodin Agege da kake tsomawa bai bar su a baya ba. Tuwon alkama ma da ake ta yayi, idan malmala uku ka tayar, aikin banza ne. Rage tuwon, ƙara miyar ganye da wake da kifi.

Wasiƙar da ta fi taɓa ni ta wata baiwar Allah ce daga Idi-Araba, wadda aka ɗora mahaifinta a kan allurar insulin, tana kuka wai ko ƙarshe ne ya zo, ga wuta ba ta zama balle firiji ya yi sanyi. 'Yata, kwantar da hankalinki, mutane da yawa suna shekara da shekaru a kan allurar nan suna harkokinsu. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ce ke bukatar firiji, kuma kada a bari ta daskare. Wadda aka fara amfani da ita takan kai mako huɗu idan zafin wurin bai wuce digiri 30 ba, saboda haka ki riƙa sayen ɗaya ɗaya, ki sa ta a roba mai murfi, ki ajiye a gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, nesa da taga da kicin. Ki sayi na'urar gwaji, amma ki fara tambayar farashin tsinken gwajinta da ko ana samunsa a unguwarku, domin nan kuɗin yake tafiya. Ki riƙa rubuta sakamakon safiya a littafi ki kai wa likita. Galibi ana son ya tsaya tsakanin 80 da 130 kafin karin kumallo. Kada Baba ya yi allura ya ƙi cin abinci, kuma ki bar masa ƙwayar sugan shayi uku ko huɗu a aljihun rigarsa duk lokacin da zai fita masallaci, ya sha idan sugansa ya faɗi.