Amsa: Me ya sa naman aladen ya fito fari, yana tsiyayar ruwa?

Ɗan'uwa, ka ce an yanka aladunka biyu, naman ya fito fari-fari, laushi tiɓis, yana zubar da ruwa a faranti, har kana zargin dusar da kake ba su. Laifin ba na dusa ba ne. Wahalar da suka sha dab da yanka ce ta jawo.

Idan alade ya firgita ko ya galabaita da zafi, sukarin da ke ajiye a tsokarsa yakan rikiɗe ya zama tsami da sauri tun naman bai huce ba. Masu bincike sukan auna pH, wato ma'aunin tsamin nama, minti 45 bayan yanka; in tsami ya yi yawa, lambar takan sauka. Lafiyayyen nama yana sama da 6. Wanda ya faɗi ƙasa da 5.8, tsokarsa ta daina riƙe ruwa, ba kuma abin da zai gyara shi. Jinsin Pietrain da wasu Landrace sun fi saurin kamuwa, don abin har da gado.

Alade ba ya iya huce jiki da gumi, kuma ka san zafin Zariya a watan Afrilu. Ka yi lodi da asuba, kada ka cunkusa su, ban da duka da ja da kunne. Kada ka haɗa na garke daban-daban a mota ɗaya, faɗa za su yi. Ka janye abinci awa 12 zuwa 18 kafin yanka, amma ruwan sha ya zauna a gabansu. In an sauke su, su huta awa 2 zuwa 3 a inuwa, a yayyafa musu ruwa. Bayan fiɗa, a sanyaya naman nan take.

In ya maimaitu duk da haka, ka sauya namijin da kake barbara da shi. Masana kiwo na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, za su ba ka shawara kan iri.