Ki mayar da shi ta ƙyalle tukuna

'Yar'uwa, kin ce ɗanki shekararsa 9, shi ne mafi ƙanƙantar jiki a ƙungiyarsu ta ƙwallon Amurka, kina tambaya ko ki bar shi ya ci gaba. Na sha wannan fargabar a nan Ohio da ɗana na biyu, siriri ne kamar sillen kara.

Kaka biyu ya yi yana bugawa. Wata Asabar wani yaro da ya kusa ninka shi ya yi karo da shi, ya faɗi, ya tashi, sai na ga ya nufi layin abokan hamayya yana zaton nasu ne. Da dare ya yi amai, ya ce fitilar ɗaki na sukar masa ido. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Na ce ai da hular kwano a kansa. Ta ce hular ƙoƙon kai take karewa, ƙwaƙwalwa kuwa tana kaɗawa a ciki duk lokacin da aka yi karo, ga wuyan yaro bai yi ƙwarin da zai riƙe kan ba.

Daga nan na shiga bincike. Dakta Bennet Omalu, ɗan Najeriya, shi ya gano cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai, a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002. Masu bincike a Jami'ar Boston kuma sun ga cewa waɗanda suka fara wasan karo kafin shekara 12 sun fi fama da matsalar tunani da ɗabi'a bayan sun girma. Abin da ya fi tayar min da hankali, ƙananan bugun nan na kullum a wurin atisaye, waɗanda ba a ma kula da su, su ma suna taruwa.

Mun mayar da shi flag, wadda ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum. Ya yi fushi, kwana uku ba ya min magana. Babansa ne ya lallashe shi, ya gaya masa shahararren ɗan wasan nan Tom Brady ma sai a sakandare ya fara ta karo, kuma flag ɗin za a buga ta a Olamfik na Los Angeles a 2028. A wasan flag ɗin ƙanƙantar ɗan nawa ta zama riba, don ba mai iya kamo shi.

Don Allah kada ki bari ya ji kamar an cire shi ne saboda ragonta. In kuwa kun yanke ya ƙarasa wannan kakar, ki tambayi kocinsu sau nawa ake karo a atisaye, kuma ranar da ya ce kansa na ciwo, kada ya koma fili sai likita ya sa hannu. Allah ya raya mana su.