Kada ka sayi abin da masu shi suka ajiye kyauta: amsa kan tushen manhajar VLC

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karanta ilimin kwamfuta a Zariya, kuma ina so in yi nazarin yadda aka rubuta manhajar VLC, wadda muke kallon bidiyo da ita. Na shiga shafinsu na intanet, amma maɓallin saukar da manhajar kawai na gani. Wani ya ce zai tura mini tushen rubutunta a filash idan na biya naira 15,000. Shin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka. Tushen rubutun VLC, wato ainihin umarnin da masu shirya ta suka rubuta kafin a mayar da shi manhajar da ake girkawa, yana nan a buɗe ga kowa tun 2001, lokacin da aka sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta tushen manhaja, gyara shi da kuma rarraba shi. Ɗalibai irinka ne suka fara aikin a 1996 a makarantar École Centrale da ke Faransa, kuma ƙungiyar VideoLAN, wadda ba ta neman riba, ita ce ke kula da shi a yau. Lasisin bai hana mutum karɓar ladan kwafar maka ba, don haka ba zan kira mai filash ɗin ɓarawo ba. Damuwata ita ce ba ka da hanyar sanin ko abin da zai ba ka tsoho ne, ko kuma an cusa masa wani abu da ba na masu shi ba.

Abin da ya ɓatar da kai a shafin videolan.org ba laifinka ba ne. An tsara fuskar shafin ne domin mai son kallon bidiyo, shi ya sa babban maɓallin saukarwa da hoton mazubin nan mai ruwan lemo, irin wanda ake jerawa a kan titi, suka cika ido. Masu neman tushe kaɗan ne, sai aka tura nasu can ƙasa. Ka gangara a shafin VLC har ka wuce jerin Windows da Android da sauransu, ka nemi kalmar Sources. A nan za ka sami fayil ɗin da sunansa ya ƙare da tar.xz, wanda yake ɗauke da tushen rubutun siga guda ɗaya ta manhajar a dunƙule. Idan karatu kawai kake so ka yi, wannan ya ishe ka, kuma ba zai cinye maka data ba, domin nauyinsa bai wuce 'yan gomomin megabayit ba.

Idan kuwa kana so ka ga yadda aikin yake tafiya kullum, wa ya canza wane layi kuma don me, to ka nufi code.videolan.org, inda masu aikin suke ajiye rumbunsu, wato ma'ajiyar tushen rubutun da tarihin canje-canjensa. Ana ɗauko shi da Git, manhajar bin diddigin canje-canjen rubutu da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Sai dai ka yi hattara, domin umarnin git clone zai janyo maka tarihin aikin gaba ɗaya, na shekaru sama da 20, kuma hakan yana da nauyi ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Ka ƙara --depth 1 a cikin umarnin, sai ya kawo maka halin da rubutun yake ciki yanzu kawai.

Za ka kuma ci karo da VLC a GitHub, shafin da masu shirya manhaja suke ajiye rumbunansu, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke ruɗewa. Wanda yake ƙarƙashin sunan videolan madubi ne na gaskiya, wato kwafin rumbun da masu aikin suka ajiye da kansu, kana iya karantawa daga gare shi, amma ba a karɓar gyara ta can. Sauran masu kama da shi kwafi ne da mutane suka yi wa kansu, wasu an yi shekaru ba a taɓa su ba. Shawarata a kan kowace buɗaɗɗiyar manhaja ita ce ka fara daga shafin masu ita, ka bi mahaɗin da su da kansu suka sa zuwa rumbun, maimakon ka dogara da abin da Google ya fara nuna maka.

Bayan ka buɗe fayil ɗin, ka fara da README, mai bayanin aikin a taƙaice, sannan COPYING, inda sharuɗɗan lasisin suke. Yawancin rubutun da harshen C aka yi shi. Kada ka ce za ka karance shi duka, domin ya fi ƙarfin zangon karatu ɗaya. Ka shiga jakar modules, ka zaɓi ɓangare guda, misali wanda yake nuna fassara a ƙasan bidiyo, ka zauna a kansa har ka gane shi. Idan kuma ta waya ce a ranka, ka sani cewa VLC ta Android tana da nata rumbun daban mai suna vlc-android a wannan adireshi na code.videolan.org.