Shin hoton ciki ta gaba yana jawo ɓari?

Tambaya: Likita, a cikina na baya na haifi bakwaini yana wata bakwai, bai zo da kwana ba. Yanzu cikina mako 18 ne, an ce a yi mini hoto ta gaba, wato ta farji, domin a auna tsawon bakin mahaifata. Uwar mijina ta ce na'urar za ta taɓa jariri ta jawo ɓari. Shin hoton da ake yi ta saman ciki bai wadatar ba?

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, ya kuma sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Ga mai tarihi irin naki, hoton saman ciki bai wadatar ba, domin idan mafitsara ta cika takan danne bakin mahaifa ya bayyana da tsawon da ba shi da shi, a ce miki lafiya lau alhali ya fara gajarta, wanda alama ce ta haɗarin sake haihuwar bakwaini. Shi ya sa muke aunawa ta gaba, bayan kin yi fitsari, tsakanin mako 16 da 24. Idan tsawon bai wuce milimita 25 ba, akan ba da maganin progesterone na sakawa ta gaba, mai taimaka wa ciki ya zauna, ko a ɗinke bakin mahaifar, a warware ɗinkin wajen mako 36 ko 37.

Maganar uwar mijinki kuwa, kullum sai na ji ta a ɗakin awo, kuma tana sosa mini rai. Na'urar a farji take tsayawa, ba ta shiga mahaifa, ba ta isa inda jariri yake, kuma da sautin da kunne ba ya ji take aiki, babu wani haske mai cutarwa a cikinta. Ana lulluɓe ta da sabuwar roba, cikin 'yan mintuna an gama. Sau nawa mace ta guje wa wannan awo, ta tafi wani shago da ya ajiye na'ura ba tare da ƙwararre ba, aka miƙa mata takarda aka ce namiji ne, babu wanda ya dubi bakin mahaifar, sai bayan wata guda a kawo ta cikin dare faya ta fashe!

Idan kunya ce damuwarki, ki nemi mace ta yi miki. Ki tafi da maigidanki ya ji bayanin da kunnensa, kuma kada ki bari makon nan ya wuce.